Teburin Injiniya a Farm Centre

Da yawa daga cikin wayoyin da ake kai wa masu gyara a kasuwar Farm Centre, cikin ƙaramar hukumar Tarauni a Kano, babu abin da ya ƙone a cikinsu. Mutum zai zo yana cewa wayarsa ta daina caji. Injiniya ya karɓa, ya ɗaga ta sama ya leƙa bakin cajin, ya sa allura ya sakato dunƙulen ƙura da zaren aljihu da suka daskare a ciki, ya goge da tsohon burushin haƙori da ɗan sifirit, ya soka caja. Sai ga alamar batir ta fito. Aikin minti biyar ne. Abin da ya rage kuma tsakanin injiniya ne da Ubangijinsa: ko dai ya faɗi gaskiya ya karɓi na shan ruwa, ko ya ce, "Alhaji, a dawo bayan La'asar, sai an canja bakin cajin," ya karɓi kuɗin kayan da bai saya ba. Duka biyun akwai su a kasuwa, wani lokaci ma a rumfa guda.

Sana'ar ba tsohuwa ba ce. A watan Agustan 2001 ne Econet da MTN suka fara ba da layin wayar salula a Najeriya, lokacin da layi kaɗai ya fi ƙarfin albashin ƙaramin ma'aikaci. Da Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, farashi ya karye, waya ta shiga hannun kowa, masu gyaran rediyo da agogo da bidiyo suka fara karkata zuwa gare ta. A Kano hada-hadar ta taru a titin Beirut da Farm Centre, kamar yadda ta taru a Computer Village na Ikeja a Legas. Kayan gyaran kuwa, sikirin da batir da ƙananan sassa, akasarinsu daga birnin Shenzhen na ƙasar Sin suke fitowa, inda kamfanin Transsion mai yin Tecno da Infinix da itel yake da hedikwata. Gobarar da ta tashi a Farm Centre ranar Babbar Sallah, cikin watan Yunin 2025, ta cinye ɗaruruwan shaguna, ta kuma nuna wa mutanen gari yawan bakunan da ke ci daga wannan wuri.

A kasuwa aikin ya rabu gida biyu: masu hadwaya da masu sofwaya. Na farko su ne masu taɓa jikin waya. Teburinsu ƙarami ne, amma a cike yake: na'urar hura iska mai zafi da suke kira bulowa, ƙarfen narka dalma, mita mai wayoyi biyu ja da baƙi, hantsaki, sukundireba iri-iri, da wata na'ura mai ba da wuta wadda ake jona wa waya a madadin batir. Wannan ta ƙarshe ita ce idon injiniya. Idan waya ta mutu murus, zai cire batir ya jona ta, ya zuba wa lambobin ido. In ta ja wuta tun kafin a danna makunni, akwai inda wuta ke zurarewa a kan fanel, wato allon da ƙananan sassan waya ke manne a kai. In an danna ba ta ja komai ba, sai ya koma kan makunnin ko abin da ke rarraba wuta. In ta ja kaɗan ta tsaya a wuri guda, to wataƙila ba aikinsa ba ne, na maƙwabcinsa mai kwamfuta ne. Gwani yakan gano inda cutar take ta hanyar bin ɗumi: ya ba fanel wuta kaɗan, ya bi da yatsa ko ya ɗiga sifirit ya ga inda ya fara bushewa. Nan ne wani abu da bai kai ƙwayar gero ba ya ƙone. Ya ɗaga shi da hantsaki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ciro irinsa daga wata matacciyar waya a cikin durowa, ya dasa.

Wannan gwanintar ba kowa ke da ita ba. Da yawa iyakarsu canjin sikirin da batir da sifika, kuma babu laifi, domin a nan cinikin yau da gobe yake. Rigimar tana wajen kaya. Sikirin ɗin waya guda yana iya zuwa iri uku: wanda aka ciro daga jikin wata wayar, da kwafi mai kyau, da kwafin da ko wata biyu ba zai yi ba sai ya fara danna kansa da kansa. Mai waya zai tsaya kai da fata a kan mai araha, in ya lalace kuma ya dawo yana kumfar baki. Injiniyan da ya san ciwon kansa yakan jera su a gaban mutum, ya faɗi kuɗin kowanne, ya ce, "Hajiya, ke za ki zaɓa." Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Garin kansa ma yana samar musu da aiki. Ƙurar hunturu tana toshe bakin caji da ramin sifika. Zafin bazara, da yakan kai digiri 40 a watan Afrilu, yana kumbura batir, musamman wayar da aka bari a gaban mota ko ake kallo da ita tana jone. Ga wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke, ga janaretan masu cajin kuɗi, ga caja mai araha. Da damina kuma sai wayoyin da suka sha ruwa, a kawo su bayan sun kwana biyu a cikin shinkafa. Shinkafar nan ba ta tsinana komai. Kamfanin Apple da kansa ya ce a daina. Abin da ke kashe wayar da ta jiƙe shi ne a yi ta ƙoƙarin kunna ta ko a sa ta a caji. Da a ce an kashe ta an kawo nan take, a buɗe a wanke fanel a busar, da yawancinsu sun tashi.

Amma a ganina nauyin sana'ar ya bar teburin dalma ya koma teburin kwamfuta, kuma can ɗin ma ba manhaja ce ta fi ba da wahala ba. Makulli ne.

Bari mu fara da mai sauƙi. Ƙorafin da mai sofwaya ya fi ji shi ne waya ta yi nauyi, tana daskarewa, ko ta kamu da bairos. In ya buɗe, sau da yawa zai tarar ma'adana ce ta cika maƙil: zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da na tsofaffin ɗalibai da na masallaci da na siyasa, kowanne yana zubo bidiyo, wayar kuma tana saukewa da kanta. Wa'azi guda yana iya zama a wuri huɗu. Ga manhajojin da ke cewa za su share waya su ƙara mata gudu, waɗanda a zahiri su ne ke cika allo da talla. Maganin bai wuce a goge tarkacen a kashe saukewar kai-tsaye ba. Sai dai mai waya ba ya son jin haka. Ya biya kuɗin mota ya zo, yana son a yi masa falashin, domin kalmar tana da nauyi a kunne.

Falashin shi ne a sake zuba wa waya manhajar da take tafiya a kanta tun daga tushe. Kowace waya da irin kayan aikinta: masu ƙwaƙwalwar MediaTek, wadda ke cikin Tecno da Infinix da yawa, ana yi musu da SP Flash Tool, Samsung kuma da Odin. Yana da ranarsa, misali wayar da ta tsaya a kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa. Amma yakan tafi da komai: hotunan biki, lambobin mutane, lissafin bashi da ɗan kasuwa ya adana. In kuma aka zuba fayil ɗin da ba na wannan samfurin ba, wayar da ta zo da ƙafarta sai ta koma gawa. Injiniyan kirki ba ya jona waya sai ya tambaya sau biyu: "Akwai abin da kake so a ciki?"

Daga nan ne ake cin karo da bango. Tun 2015, daga Android 5.1, Google ya sa wani tsaro: in aka goge waya ba ta hanyar da ta dace ba, da ta tashi za ta nemi adireshin Gmail da kalmar sirrin da ke kanta a da. Apple ya riga shi, tun iOS 7 a 2013. An yi haka ne don wayar sata ta zama ba ta da amfani, kuma niyya ce mai kyau. Sai dai waɗanda suka tsara abin sun ɗauka duk mai waya shi ya buɗe akwatinsa da hannunsa. A nan kuwa, ranar da aka sayi waya, yaron shago ne ke buɗe Gmail ɗin a tsaye, cikin minti uku, don a samu a sauke WhatsApp da Facebook. Shi ya zaɓi suna, shi ya zaɓi kalmar sirri, wani lokaci ma lambar wayarsa ya sa. Mai waya ya sa a aljihu ya tafi. Bayan shekara biyu, injiniya ya ɗago kai ya ce, "Baba, mene ne imel ɗinka?" Baba ya ce shi bai taɓa yin wani imel ba. Gaskiya ya faɗa.

Haka aka samu wani reshe na sana'ar, wato cire wannan makulli, da manhajojin da ake biyan kuɗinsu duk wata ko duk shekara, kamfanoni suna toshe ƙofa, masu manhajar suna neman wata. A nan ne kuma sana'ar ta fi haɗari, domin dattijon da ya manta kalmar sirrinsa da yaron da ya ƙwaci waya a Ɗan'agundi ko a cikin adaidaita sahu buƙatarsu ɗaya ce, maganarsu ma ɗaya ce: wayata ce, na manta. Ƙwacen waya ya addabi Kano, kuma in 'yan sanda suka bi sawu, teburin da aka buɗe ta nan za su fara tsayawa. Shi ya sa masu hankali ke neman kwali da rasit, su danna *#06# su gwada lambobi 15 na IMEI da waɗanda ke jikin kwalin. Wanda ya ce kwalin yana gida, sai a ce ya je ya ɗauko. Ana rasa ciniki ta haka, amma ana kwana a gida.

Matsalar makulli ta fi tsanani ga wanda ya ƙetare iyaka. Hausawan Kance da Matamaye da sauran ƙasar Damagaram sun daɗe suna bin hanyar Agadas da Arlit da Assamaka, su shiga Aljeriya ta In Guezzam, su sauka Tamanrasset neman kuɗi, wasu su wuce aikin lambu ko gini a ƙauyukan duwatsun Ahaggar irin su Tahifet. Mutum ya bar gida da WhatsApp a kan layin Nijar mai +227. Ya isa can ya sayi layin Mobilis ko Djezzy ko Ooredoo mai +213, ya cire tsohon ya jefa a jaka, WhatsApp kuma ya ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru. Ranar da wayar ta faɗi ko aka yi mata falashin, sai manhajar ta ce ta aika lambobi shida zuwa tsohon layin. Layin kuwa ya ɓata, ko kamfani ya rufe shi ya sayar wa wani saboda daɗewa ba a yi amfani da shi ba. Babu injiniyan da zai iya dawo da wannan, ko a Tamanrasset ko a Kano. Alhali cikin manhajar akwai wurin canja lamba, aikin minti biyu, in an yi shi tun tsohon akwatin yana buɗe. Irin wannan ne ke faruwa da ɗan Kano da ya tafi Saudiyya ko Libiya.

Wani lokaci kuma laifin ba ya cikin wayar sam. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da data suka rikice a Najeriya da maƙwabtanta. A watan Satumban 2021 gwamnati ta rufe sabis a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato saboda 'yan bindiga. A Aljeriya, a watan Yunin 2018, hukuma ta riƙa katse intanet a sa'o'in jarrabawar kammala sakandare don hana satar amsa. A irin waɗannan ranaku, abin da ya raba injiniya da ɗan koyo shi ne ya fara duba tasa wayar kafin ya kwance ta wani.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da ya tura jama'a zuwa OPay da Moniepoint da PalmPay da manhajojin banki, waya ta zama lalita. Wanda ya miƙa wa mai gyara wayarsa, ya kuma faɗa masa lambar buɗewa don a gwada sikirin, ya miƙa masa hotunan iyalinsa da hirarrakinsa da hanyar asusunsa. Layin ma kaɗai ya isa: da *565*0# ake ganin lambar BVN, kuma ɓarayi sun san haka, shi ya sa wani lokaci layin suke nema ba wayar ba. Masu gyaran da suka san darajar kansu su ne ke cewa mutum ya cire layinsa da memorinsa kafin ya tafi. Ba na jin wani abu ya kai wannan ɗabi'ar muhimmanci a sana'ar, kuma ba a koyon ta a YouTube, inda yaran yanzu ke koyon sauran aikin daga bidiyon Indiyawa da 'yan Pakistan ko da ba sa jin yaren. A wurin maigida ake ganin ta, a shekarun da yaro ke yi yana zuwa sayo kaya, yana manna gilashin kariya, kafin a yarda ya riƙe bulowa.

A kan manhaja kuwa, kowane teburi da ra'ayinsa, kuma ba sa ɓoyewa. GB WhatsApp ne abin da aka fi jayayya a kai. Jama'a na son sa saboda yana nuna saƙon da aka goge, yana ɓoye cewa ka karanta. Amma ba na kamfanin WhatsApp ba ne, babu shi a Play Store, babu wanda ya san hannun da ya ratsa, kuma WhatsApp yana rufe lambobin da ya kama da shi. Wasu injiniyoyin su ne ke sa wa mutane shi a karɓi kuɗi, su ne kuma ake dawo wa in an rufe layin. Ni dai ban ga abin da ke cikin saƙon da aka goge ba da ya kai a rasa lambar da abokan ciniki suka sani.

Ɓangaren kwamfuta ya fi shiru, amma shi ma yana da nasa. Akasarin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗaliban Jami'ar Bayero da masu shagunan buga takardu gwanjo ne daga Turai da Amurka: HP da Dell da Lenovo da ofisoshin can suka gama da su. Ciwonsu sananne ne. Fanka ta toshe da ƙura, na'ura ta yi zafi ta mutu a tsakiyar aiki. Filashi ya zaga shaguna uku ya dawo duk fayilolin sun koma gajerun hanyoyi, ɗaliba ta zo da hawaye tana cewa furojet ɗinta ya tafi, alhali bairos ɗin ɓoye su kawai ya yi, umarni guda ke fito da su. Ga mai kukan nauyi kuma, gyaran da ya fi kowane tasiri shi ne a cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, a ƙara RAM in da hali. Na'urar shekara goma sai ta tashi cikin daƙiƙoƙi. Wanda ya ce a sa antibairos biyu a kwamfuta guda, ƙara mata kaya kawai ya yi.

Microsoft ya daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 yana neman wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0 da ƙwaƙwalwa ta baya-bayan nan, abin da tsofaffin na'urori da yawa ba su da shi. Masu sofwaya sun san yadda ake tsallake sharaɗin, suna kuma yi. Akwai 'yan tsiraru masu cewa a koma Linux, kyauta ne, ba ya nauyi, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Sai dai mai shagon da ke rayuwa da CorelDraw, yana zana katin biki da fastar 'yan siyasa, ba zai saurare su ba, domin manhajarsa ba ta tafiya a can.

Akwai kuma wata matsala da ta shafe mu mu kaɗai. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro salon haruffa na Rabiat da Abdalla, waɗanda suka ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan wasu maɓallan da ba a cika amfani da su ba. Sun yi wa marubuta da maɗaba'u aiki ƙwarai. Amma in aka buɗe irin wannan rubutu a na'urar da ba ta da salon, sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ]aya a maimakon ɗaya. Har yau ana kawo tsofaffin littattafai da kundayen digiri a haka, mai su yana zaton bairos ne ya cinye. Gyaran shi ne a bi alamomin ɗaya bayan ɗaya da umarnin nema da musanyawa, a mayar da su haruffan Unicode da kowace waya ke karantawa yanzu. Sai an yi hattara, don in akwai baka ta gaskiya a cikin rubutun, ita ma za ta koma harafi.

Kamfanonin kuma sai ƙara rufe ƙofa suke. Batirin da a da ake cirewa da farce yanzu a manne yake da gam, sai an gasa bayan waya kafin a buɗe. A iPhone, in aka sa sikirin ko batirin da ba na kamfani ba, wayar takan rubuta cewa ba ta san wannan kayan ba, mai ita ya dawo yana zargin injiniya ko da aikin ya yi kyau. Tun daga iPhone 14 na 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba su da ramin layi sam, sai eSIM. Su ne kuma ke shigowa a gwanjo, da ɗan sauƙin kuɗi. Wanda ya saya bai tambaya ba sai ya juya ta gaba da baya yana neman inda zai sa layinsa, a ƙarshe a tura shi ofishin MTN ko Airtel da lambarsa ta NIN, a mayar masa da layin na cikin waya. Daga ranar, in wayar ta mutu, babu layin da zai zare ya sa a ƙaramar raka-ni-kashi kafin a gama gyara, sai dai ya sake komawa ofishin ya bi layi.